Wanda hatsarin mota ya raba da ƙafarsa, wa zai biya shi?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, maza da mata, yau za mu yi magana a kan abin da ba mu fata ya samu kowa. Amma hanyar Tawa zuwa Abalak da Agadas, da ta Tawa zuwa Tsarnawa, da hanyoyin jar ƙasa na Keita da Tamaske da Barmu, duk muna bin su. Wanda ya san haƙƙinsa tun yana da lafiya, ba za a ruɗe shi ba ranar da yake kwance.

Cikin yawon da muke yi na duba cibiyoyin yaƙi da jahilci, a ranin 2023 mun gamu da wani magidanci a wani ƙauye arewa da Tawa. Ba za mu faɗi sunansa ba. Yana zaune a bayan aji, sandunansa biyu suna jingine da zana. Ƙafarsa ta hagu babu ita daga ƙasan gwiwa.

Ya ba mu labari. A kakar 2021 ya ci kasuwar Tawa ranar Lahadi, ya hau motar kasuwa za shi gida. Mota ta yi lodi fiye da kima, buhuna a ƙasa, mutane a bisa. Taya ta fashe, mota ta kife, ƙarfe ya danne masa ƙafa. A babban asibitin Tawa likitoci suka ga ƙafar ba ta gyaruwa, suka yanke ta don su ceci ransa.

Bayan an sallame shi, mai motar ya zo da liman da dattawan garinsu. Ya kawo buhun hatsi 2 da jika 30. Ya nemi gafara. Magidancin ya ce: «Ƙaddara ce, na yafe.» Aka yi addu'a, aka watse. Kafin damina biyu su wuce ya sayar da sansa na noma. Daga baya ya jinginar da gonarsa ta fadama.

Muka tambaye shi: «Motar tana da inshora?» Ya ce bai san abin da ake nufi ba.

Yafe wa direba daban, diyya daban

Inshora ita ce abin da direbobinmu ke kira asiransi. Takarda ce daga cikin waɗanda direba ke miƙa wa jandarma a shinge. Mutane da yawa suna zaton haraji ne na gwamnati. Ba haraji ba ne. Kuɗi ne mai mota ke zuba wa wani kamfani, da sharaɗin in motarsa ta ji wa wani ciwo, kamfanin ne zai biya wanda aka ji wa. Doka ta tilasta wa duk mai mota ko babur ya yi ta.

Ku lura da wannan da kyau, don a nan ne mutanenmu ke asara. Kuɗin diyya ba daga aljihun direba suke fitowa ba. An riga an zuba su tun kafin hatsari. Mutum yana iya yafe wa direba har cikin zuciyarsa, su ci gaba da gaisawa, su yi salla sahu ɗaya, kuma ya karɓi haƙƙinsa daga kamfani. In ya ƙi karɓa, mai mota bai ƙaru da ko dala ba. Kamfani kaɗai ya ci riba.

Wasu suna cewa karɓar diyya jayayya ce da ƙaddara. Mu dai ba haka muka ji daga malamanmu ba. A littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan Adar, kamar Risala, akwai babin diyya. Ran namiji da aka kashe bisa kuskure, diyyarsa raƙuma 100 ce. Hannu guda ko ƙafa guda, rabin haka. Yatsa guda, raƙuma 10. Kuma ba mai kuskuren kaɗai ke biya ba, danginsa ne ke haɗa kuɗin. Ashe tun da daɗewa an san gaɓar mutum tana da haƙƙi, ko da ba da gangan aka ɓata ta ba.

Me doka ta ce?

A 1992, a birnin Yawunde na Kamaru, Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka sa hannu a kan yarjejeniyar da ake kira CIMA. Dokar inshora ta wannan yarjejeniya ta fara aiki a 1995. Ita ake bi a Nijar, ita ake bi a Kodebuwa da Kamaru da Benin da Togo. Saboda haka ƴan uwanmu masu zuwa bida Abijan, su ma wannan magana ta shafe su.

Dokar ta ce fasinja, da mai tafiya a ƙasa, da wanda ke bisa jaki ko amalanke, in mota ta ji masa ciwo za a biya shi. Ba za a hana shi ba don an ce ya yi ganganci wajen ƙetare hanya, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Direba ne kaɗai ake duba laifinsa: in shi ya jawo hatsarin, ana rage masa ko a hana shi.

Abin da ake biya kashi-kashi ne. Akwai kuɗin magani da na asibiti da na ƙafar roba. Akwai na kwanakin da mutum ya yi bai iya aiki. Akwai na azabar da ya sha, da na canjin kamanninsa. Mafi girma shi ne na naƙasar da za ta zauna masa har abada. Wannan likita ne ke auna ta, bayan ciwo ya warke ya tsaya. Yana rubuta ta kashi kaza cikin 100. Wanda aka yanke wa a cinya ya fi wanda aka yanke wa a ƙasan gwiwa kashi. Yaro kuma ya fi tsoho samu, don shi ne zai fi daɗewa da naƙasar. In kashin ya kai 50, ana ƙara kuɗin asarar sana'a. In ya kai 80, kuma mutum ba ya iya yi wa kansa hidima, ana ƙara na mai jinyarsa.

Manomi zai ce: «Ni da ba ni da albashi, da me za a auna aikina?» Doka ba ta manta da shi ba. Wanda ba ya da takardar da ke nuna abin da yake samu, ana yi masa lissafi da albashi mafi ƙaranci na ƙasa. Daga 2012 albashin nan sefa 30.047 ne a wata. Tun daga Janairun 2024 ya koma 42.000, wato jika 42.

Ba za mu ɓoye muku ba: abin da lissafin nan ke bayarwa bai kai darajar ƙafa ba, bai ma yi kusa ba. Amma yana iya fanso gona, yana iya sayen tumakin kiwo.

Takarda ita ce shaida

Kamfani ba ya jin rantsuwa, takarda yake dubawa. Ta farko, wadda ta fi kowace muhimmanci, ita ce wadda jandarma ko ƴan sanda ke rubutawa a wurin hatsari. Ana kiran ta PV. A cikinta akwai lambar mota, da sunan kamfanin inshorarta, da sunayen waɗanda suka ji ciwo. Sau da yawa mai mota yakan roƙi mutane kada a kira jandarma, a sasanta a gida. Kada ku yarda in akwai mai rauni babba. In an kwashi ɗan uwanku zuwa asibiti kafin jandarma su iso, ku bi su har ofis, ku tabbata sunansa ya shiga, kuma an rubuta shi daidai da yadda yake a katinsa na ɗan ƙasa. Harafi guda in ya sha bamban, yana iya sa ku yi ta kai da komo wata da watanni.

Ta biyu, takardar da likita ya rubuta ranar farko, mai bayanin raunin. Sannan duk takardar sayen magani, da rasit na biya, da hoton ƙashi. Ku samu leda ko gwangwani mai murfi, ku adana su inda gara da ruwa ba su kai. Mun sha ganin an ƙunshe goro da takardar da ta fi buhun hatsi daraja.

Doka ta yanka wa kamfani wa'adi ya kawo tayinsa a rubuce. Tayin nan ba umurni ba ne. Kuna da ikon neman kofin PV, da ikon zuwa da lauya ko likitan da kuka zaɓa. Wanda ya sa hannu, daga baya ya gane lissafin ya saɓa wa doka, yana da kwana 15 ya janye, amma sai a rubuce, da wasiƙa mai rajista. In yaro ne aka ji wa ciwo, ba a rufe maganar sai da yardar iyayensa, in kuwa ba su da rai, sai da yardar alƙali ko majalisar dangi. In kuwa an kasa daidaitawa, sai kotu. Wanda ba ya da halin ɗaukar lauya, ya je babbar kotun Tawa ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar da aka kafa da dokar 2011 don taimakon talaka a harkar shari'a.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Kada ku dangwala yatsa a takardar da ba ku san abin da ke cikinta ba. Takardun da Faransanci suke, gaskiya ne. Amma lamba lamba ce a kowane harshe. Wanda ya iya bambanta 150.000 da 1.500.000 ya riga ya tsare rabin haƙƙinsa. Sauran kuma ya kai wa malamin cibiya ko na lakwal ya karanta masa. Ku yi hattara da ƴan tsakiya masu jira a ƙofar asibiti, masu cewa a ba su takardu su bi, in kuɗi sun fito a raba.

Haƙƙin nan ba ya jira har abada. Shekara 5 daga ranar hatsari, in ba a nema ba, ya faɗi.

In abin hawan ba ya da inshora, kamar yadda yawancin kabu-kabu suke, nauyin yana kan mai shi. Ana iya kai shi kotu, sai dai kun san abin da ke aljihun ɗan kabu-kabu. Wanda kuma injin ya cinye wa hannu a wurin aikin albashi, hanyarsa daban ce: asusun ma'aikata na CNSS ne ke biya, kuma wajibi ne mai gidansa ya sanar cikin awa 48. Yaran da ke aiki a injin niƙa na ƙauye, galibi ba wanda ya rubuta sunansu a asusun. Abin da za mu ce musu shi ne su kashe injin kafin su taɓa bel, kuma su bar babbar riga a gida.

Ƙafar da bai kamata a rasa ba

Ba duk ƙafar da aka yanke ba ce mota ta cinye. Wata karaya ce kawai, aka kai wa mai ɗori, ya ɗaure da kara tamau. Gaɓa ta kumbura, jini ya kasa wucewa, nama ya mutu. An fi ganin haka ga hannuwan yara. In yatsu sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko mutum ya daina jin su, ko ciwo yana ƙaruwa maimakon ya ragu, a sassauta ɗaurin nan take, a kama hanyar asibiti ko da tsakar dare ne. Karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ba ta mai ɗori ba ce ko kaɗan. A rufe ta da ƙyalle mai tsabta, a danne wurin da ke zubar da jini. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu. A asibiti a tambayi allurar tetanus, cutar nan mai sandare jiki. Asibitin Tawa da na Galmi duk suna aikin ƙashi.

Bayan an yanke

Dungu, wato guntun da ya rage, shi ne zai ɗauki ƙafar roba. Yadda aka kula da shi a watannin farko, haka zai yi wa mutum aiki. A riƙa naɗe shi da bandeji yadda likita ya nuna, don kumburi ya sauka. In ya warke, a wanke shi kullum da sabulu, a shanya, a duba ko akwai ƙurji. Babban kuskure shi ne zama da gwiwa a lanƙwashe yini guda, ko sa matashi a ƙarƙashinta. Gwiwa takan ƙage a haka, ta ƙi miƙewa, ƙafar roba kuma ba ta zama a gwiwar da ta ƙage. A riƙa miƙe ta, a riƙa kwanciya rub da ciki sau biyu ko uku a yini.

Da yawa suna jin ƙaiƙayi ko zafi a yatsun da babu su. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne. Jijiyoyin da aka yanke ne ke ci gaba da kai saƙo ga ƙwaƙwalwa. Ga mafi yawan mutane yana raguwa a hankali. In ya hana barci, a gaya wa likita.

Ana ƙera ƙafar roba a babban asibitin ƙasa na Yamai da na Damagaram. Ba a sayen ta kamar takalmi a kasuwa, sai an auna dungun mutum. Tana tsufa, tana son gyara da canji, yaro kuma yana girma ya fi ƙarfinta. Don haka in ana lissafin diyya, ku ce a sa kuɗin canjinta na gaba, doka ta yarda da shi. Ku kuma nemi ƙungiyar naƙasassu ta garinku. Su suka san hanya, su suka san ranar da ake awo.

Magidancin nan namu ya yi sa'a guda. A hatsarinsu an rasa rai, saboda haka jandarma sun zo, PV yana nan, sunansa yana ciki. Shekara 5 ba ta cika ba. Mai motar da kansa ya fito da takardar inshorarsa, da ya gane ba shi za a ƙwace wa komi ba. Takardun magani kuwa rabinsu sun ɓace, kuɗinsu sun tafi ke nan. Ya yi zuwa Tawa ya fi a ƙirga, an ce masa dawo gobe har ya gaji. Bayan fiye da shekara guda kuɗin suka fito, ya sa hannu da sunansa, ba da yatsa ba. Ya fanso fadamarsa. Da muka koma garin a ranin 2025, mun iske shi a garka yana dashen albasa. Ya ce ƙafar robar tana ƙona shi in rana ta take, shi ya sa yake fita tun da asuba.