Dutsen Afajato da Tafkin Volta: Abin da Mai Son Hawa Ya Kamata Ya Sani

Mu a nan Choggu ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, har wasunmu ba su taɓa ganin dutsen da ya fi hasumiyar masallaci tsawo ba. Shi ya sa bana na zaɓi in yi bayani a kan dutsen Afajato, musamman ga masu niyyar zuwa a hutu.

Dutsen yana Jihar Volta, kusa da garin Hohoe, dab da iyakar Togo. A harshen Ewe "to" na nufin dutse, don haka Afajato shi ne dutsen Afaja. Littattafan makaranta suna ba shi tsawon mita 885. Daga Tamale lori kan bi Yendi, Bimbila, Nkwanta da Jasikan kafin Hohoe. Tafiya ce mai nisa, matafiyi na iya yin ƙasaru. Ana fara hawan daga ƙauyen Liati Wote ko Gbledi, inda ake biyan kuɗin shiga a haɗa ka da ɗan jagora.

Mai ƙarfi kan kai ƙololuwa cikin kamar awa ɗaya. Amma fa kada awa ɗayan ta ruɗe ka. Hanyar a tsaye take, wani wurin sai ka kama saiwa ko dutse da hannu. Za ka ji numfashi na sarƙewa, har wasu su ce iska ce ta ƙare a sama. Ba haka ba ne. Wannan tsawon bai kai a rasa iska ba. Cinyoyinka ne ke ɗaga nauyin jikinka a kowane taki, zuciya kuma tana gudu don ta kai musu jini. Maganin shi ne ƙaramin taki da hutu akai-akai. Wanda ya fara da gudu don a ce shi ne jarumi, to wallahi shi zai fara zama.

Abin guzuri: ruwa isasshe, ɗan abinci kamar ƙosai ko ayaba, da kambu mai riƙe ƙasa. Silifa a bar shi a gida. A fara da sassafe kafin rana ta yi zafi. Kuma a sani saukowa ta fi hawa haɗari, don ƙafa ta gaji, gwiwa na rawa, tsakuwa na zamewa. In an yi ruwan sama, gara a haƙura. Sunna ce a yi kabbara wajen hawa, a yi tasbihi wajen sauka.

Daga sama, in gari ya yi garau, ana ganin duwatsun Togo ta gabas, ana hango Tafkin Volta can nesa ta yamma. Lokacin hunturu kuwa hazo kan rufe komai, ka sha wuya ka dawo ba ka ga tafkin ba.

Tafkin nan ba baƙonmu ba ne. Ya samu ne bayan an gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi girman tafkunan da ɗan Adam ya tara a duniya. Ruwan famfon da muke alwala da shi a Choggu daga Dalun yake zuwa, daga kogin Farin Volta, kuma wannan kogin ne ke bi ta Yapei ya zuba a tafkin. Kenan wanda ya tsaya a kan Afajato yana hangen ruwan da wani ɓangarensa ya ratso ta ƙasarmu.

Kada kowa ya tafi shi kaɗai, ko ba da izinin iyaye ba. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalam.