Gargaɗi: ku duba sunan wifin gidanku yau

Jama'a, duk wanda ke da na'urar ƙara ƙarfin wifi a gida ko a shago, ƴar ƙaramar nan mai ƙaho biyu da ake soka wa a soket don sabis ya kai ɗakin baya ko saman bene, ya ɗauki wayarsa yanzu ya buɗe jerin layukan da take gani, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa a cikinsu akwai mai amsa sunan gidanku, alhali ba naku ba ne.

Wannan na'ura ba ta da intanet na kanta. Daga rawuta take karɓa ta sake watsawa, kuma yawanci takan ari sunan rawutar ta ƙara masa wutsiya. Idan sunan layinku Zaure, ta kamfanin TP-Link za ta fito da Zaure_EXT, ta Netgear Zaure_2GEXT da Zaure_5GEXT, ta Xiaomi kuwa Zaure_plus. Mutanen gida sun saba ganin wutsiyar, har sun ɗauka duk layin da ke da ita nasu ne. To, suna rubutu ne kawai, haruffan da ba su wuce 32 ba, kuma babu hukumar da ke yi masa rajista. Duk mai wayar da ke iya raba data zai iya buɗe layi ya raɗa masa Zaure_EXT kafin ka gama alwala.

Da yake ɓarawon da ya yi haka bai san kalmar sirrinku ba, sai ya bar nasa layin a buɗe. Wasu ma suna da kayan aikin da ke ta tsinke wayoyi daga layi na gaskiya, har mutum ya ƙosa. Yana dubawa sai ya ga ɗaya sunan da ya sani, sabis cike, sai ya danna. Nan take shafi zai buɗe, da tambarin kamfani tsaf, yana cewa ana sabunta na'ura, a sake shigar da kalmar sirrin wifi. Wani shafin kuma na Facebook ko na imel zai nema. Abin da ka rubuta a wurin hannun mai layin yake faɗawa.

Ba hasashe nake yi ba. A 2024 ƴan sandan tarayyar Ostireliya sun gurfanar da wani mutum kan zargin buɗe layukan bogi masu kama da na gaskiya a filayen jiragen sama na Perth da Melbourne da Adelaide, har da cikin jirage, yana tattara bayanan shiga imel da shafukan sada zumunta na fasinjoji. Ma'aikatan wani kamfanin jirgi ne suka fara lura da baƙon layin. Kayan aikin nasa a jakar hannu suke. Irin wannan dabara ba ta buƙatar filin jirgi. Gidan haya mai ɗakuna da yawa ko ɗakin kwanan ɗalibai ya ishe ta.

Gane na gaskiya ba wuya. Layin na'urarku yana da alamar kwaɗo a gefensa, kuma cikin saitin waya ake sa masa kalmar sirri, galibi ita ce dai ta rawuta. Ba ya kai ka wani shafi don ya sake tambayarta, balle ya nemi ta Facebook. Idan kana shakka, zare na'urar daga soket, ka jira minti ɗaya, ka sake duba jerin. In sunan ya ɓace, naka ne. In yana nan daram, wani ne ke watsa shi, kada kowa ya taɓa.

Akwai wani haɗarin da ya fi damuna, don shi sakaci ne na cikin gida. Idan ka ga TP-Link_Extender ko NETGEAR_EXT haka tsirara, babu sunan layinku a jiki, na'urar ba a saita ta ba ke nan, ko an tura allura a ɗan ramin nan na mayar da ita sabuwa, abin da yara kan yi cikin wasa. A wannan hali sau da yawa ƙofarta a buɗe take, kuma wanda ya riga shiga shi ke sa mata kalmar sirrin gudanarwa. Wannan daban take da ta wifi, ita ce ke ba mutum ikon juya na'urar yadda ya so. Kada a bar ta a kunne haka ko na dare ɗaya. Idan kuwa wani ne ya zo ya haɗa muku, ku canja kalmomin biyu bayan tafiyarsa. Ba zarginsa ake yi ba, amma ba ka san hannu nawa wayarsa za ta shiga ba. In na'urar na da zaɓin shiga da lambar WPS mai alƙaluma 8, ku kashe shi; tun 2011 aka nuna ana iya fasa ta.

Sannan a daina sa wa layi sunan maigida ko lambar gida. Aikin na'urar nan shi ne tura suna nesa, kuma yana tsallake katanga ya kai bakin titi.

Wanda ya riga ya rubuta wani abu a irin wancan shafi, ya canja kalmar sirrin yanzu, ta amfani da datar wayarsa, ya kunna tantancewa mai mataki biyu, ya umarci wayar ta manta da layin. Idan bayanin banki ne, ya kira bankinsa kafin komai. Daga nan ya tara mutanen gida, musamman iyaye da yara, ya nuna musu ainihin sunan layin a fuskar waya, harafi bayan harafi, ya gaya musu duk ranar da suka ga layin babu kwaɗo su kira shi kafin su danna.