Tsayawa Zaɓe Ba Jam'iyya: Abin Lura Daga Illela

Illela gari ne na bakin iyaka a Jihar Sakkwato, tsakaninsa da Birnin Ƙonni na ƙasar Nijar ba wani nisa. Harshe ɗaya ne, ga ciniki da auratayya sun haɗa mutanensu. Amma game da maganar ɗan takara mai zaman kansa, watau indifenda, hanyar ƙasashen nan biyu ta sha bamban, shi ya sa muka ga ya kyautu mu bayyana wa malamai da ma'aikata yadda abin yake.

A zaɓen Tarayya na 1959, wanda aka yi don cika kujeru 312 na Majalisar Wakilai, doka ta yarda mutum ya tsaya da ƙafarsa, ba tare da jam'iyya ba. Daga baya aka rufe wannan ƙofa, tsarin mulki na 1999 kuma ya bar ta a rufe. Sashe na 65 da na 131 sun ce ba mai neman kujerar Majalisar Tarayya ko ta Shugaban Ƙasa sai ɗan jam'iyya wanda jam'iyyarsa ta tsayar. Saboda haka komai mutuncin mutum a mazaɓar Illela da Gwadabawa, in manyan jam'iyya ba su so shi ba, sunansa ba zai hau takardar ƙuri'a ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawara a 2008 a sāke buɗe ƙofar. Har wa yau, a 2013 Kotun Afirka ta kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke hukunci a kan Tanzaniya, ta ce hana indifenda tauye haƙƙi ne.

To, amma a tsallaken iyaka an ga wani abu dabam. Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da gwamnatin Mahamman Usman ran 27 ga Janairu, 1996. A watan Yuli na shekarar ya tsaya zaɓen Shugaban Ƙasa da sunan indifenda, ya kara da Mahamman Usman, da Tanja Mamadu, da Mahamadu Isufu. Tun ba a gama ƙirga ƙuri'a ba sai ya rushe hukumar zaɓe, ya naɗa wata, aka ce ya ci da wajen kashi 52 cikin ɗari. Mulkin bai yi ƙarko ba, gama an harbe shi a Yamai ran 9 ga Afrilu, 1999.

A ganinmu, lalle ya kamata a ba mutumin kirki damar tsayawa ko da ba shi da uban gida. Amma labarin Nijar ya nuna sunan indifenda kaɗai ba ya tsare gaskiya, muddin mai takara shi ke riƙe da akwati. In za a gyara doka, sai a haɗa da sharuɗɗa: mai neman kujera ya kawo sa hannun masu zaɓe daga gundumomi dabam dabam, ya bayyana inda kuɗinsa suka fito, hukumar zaɓe kuwa ta zama ba mai iya taɓa ta. Hakkin malamai ne su fahimtar da talakawa wannan magana. Allah ya ba mu shugabanni na gari, amin.