Me ya sa dalma ke manne wa cikin bindiga, kuma me ya haɗa mu da zancen?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau za mu leƙa Amurka ne. A can akwai mutane da yawa da sha'awarsu ita ce narka dalma a gida su zuba harsashinsu da kansu, domin wasan harbi ko farauta, kuma dokar ƙasarsu ta ba su dama. Da yawansu da libarba suke amfani, wato ƙaramar bindigar nan mai ƙwarya mai juyawa. Babbar matsalar da ke damun su ita ce, bayan 'yan harbe-harbe sai su tarar dalma ta shafe cikin bututun bindigar, saiti ya lalace. Na ɗauko wannan zancen ne saboda a ƙarshensa akwai darasi game da dalma kanta, kuma mu nan mun san abin da dalma ta yi mana.

To, me ke jawo wannan mannewar? Dalma ƙarfe ne mai laushi, tana narkewa a wajen digiri 327 a ma'aunin Celsius. A cikin bututun bindiga akwai wasu zane-zane da aka sassaƙa a murɗe, su ne ke sa harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwa, ya tafi a miƙe. Idan albarushi ya kama, iska mai tsananin zafi da ƙarfi ce ke tura harsashin daga baya. In harsashin ya toshe bututun tsaf, iskar tana nan a bayansa. In kuwa akwai ɗan gibi, ko da bai kai kaurin gashi ba, iskar za ta kutsa ta gefe, ta yayyanki dalmar, ta feshe ta a jikin bango. Harsashi na gaba ya zo ya danne ta, na bayansa ya ƙara. Haka take taruwa.

Shi ya sa masana harkar ke cewa yawanci laifin girman harsashi ne, ba laushinsa ba. Libarba kuma tana da wata matsala tata: harsashi yana fara wucewa ta maƙogwaron ƙwaryar kafin ya shiga bututu. In maƙogwaron ya fi bututun ƙunci, zai matse harsashin ya ƙanƙance, ya shiga bututu yana lilo. Kun ga gibi ya samu ke nan.

Abin mamaki, ƙara tauri kan iya ƙara ɓata lamarin. Tsantsar dalma tana kusan 5 a ma'aunin taurin ƙarfe na Brinell. In aka gauraya ta da kuza da antimoni sai ta yi tauri. Akwai sanannen haɗi na kamfanin Lyman mai kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni, wanda ke kai wajen 15. Harsashi mai ɗan laushi yakan kumbura daga gindi idan ƙarfin iska ya buge shi, ya toshe gibin da kansa. Mai tauri sosai kuwa ba ya kumbura, sai iska ta samu hanya.

Inda dalmar ta manne ma yana ba da labari. In a farkon bututu take, alama ce ta gibi. In can wajen baki take, alama ce man da aka shafa wa harsashin ya ƙare tun bai fita ba. Wannan ciwon kai tsoho ne. Shi ya sa tun 1882 wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, ya fito da harsashi mai rigar jan ƙarfe, irin wanda sojojin duniya ke amfani da shi yau, domin dalma ta daina gogar bututu kai tsaye.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Dalmar da ta manne a bututu ita ce wadda ido ke gani. Sauran fa? Tana tashi a matsayin ƙura, a wurin narkawa da wurin harbi da lokacin goge bindiga. Ta sauka a riga, a hannu, a kujerar mota, ta bi mutum har gida inda yara ke rarrafe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba shi da illa. A jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sauko da ma'aunin da take sa wa yara ido a kai zuwa maikrogiram 3.5 a kowace desilita ta jini.

Ba mutane kaɗai ba. Tun 1991 Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da harsashin dalma. Jihar Kalifoniya kuma daga 1 ga Yulin 2019 ta hana farauta da shi gaba ɗaya, babban dalili shi ne wata katuwar ungulu tasu da ta kusa ƙarewa, saboda tana cin mushen dabbobin da aka harba tana haɗiye ɓurɓushin dalma.

To mu fa? A 2010 aka gano gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Ana kawo dutsen zinare mai ɗauke da dalma cikin gida ana daka shi, ƙurar ta cika tsakar gida. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ba bindiga ba ce ta kashe yaran nan, amma ƙarfen ɗaya ne, hanyar shigarsa jiki ma ɗaya ce: ƙura, hannu, baki.

Bari in faɗa ƙarara, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba, kuma ƙasar da ke fama da 'yan bindiga ba ta buƙatar ƙarin ko ɗaya. Abin da ya shafe mu shi ne dalmar da ke zagaye da mu: masu fasa tsohon batirin mota su narka a cikin unguwa, masu aikin zinare, har da wani kwallin da ake sa wa jarirai, wanda gwaji ya nuna akwai mai ɗauke da dalma da yawa.

Saboda haka, in sana'arka ta haɗa ka da dalma, kada ka yi ta a tsakar gida. Ka sauya kaya ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro, kada ka ci abinci a wurin aiki. In yaro a irin wannan gida ya fara amai, ciwon ciki, yawan kasala ko jijjiga, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jini. Mu matasa kuma mu tambayi kansilolinmu da shugabannin ƙananan hukumomi: ina ake narka batir a garin nan, kuma wa ke duba ƙasar wurin?

Ku tura wa duk wanda kuka san yana wannan aiki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mana yaranmu.