Takardar albashin da ke kwana a kwamfutar shago

Jos gari ne na ma'aikatan tarayya. Akwai na Jami'ar Jos da asibitin koyarwarta, da na hedikwatar ITF, ga kuma na cibiyar NIPSS da ke Kuru da cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Wanda ba shi da na'urar buga takardu a kusa, shagunan kwamfuta na Terminus da titin Ahmadu Bello yake nufa. Zai shiga shafin ofishinsa, ya danna takardar albashi ko ta ƙarin girma, a buga masa, ya biya ya kama gabansa. Takardar kuwa tana nan cikin jakar sauke-sauke ta kwamfutar shagon, da sunansa da matakin albashinsa, tana jiran mai zama bayansa.

Galibi layi ɗaya ne ke haddasa wannan. Duk lokacin da shafi ya miƙa wa burauza fayil, yakan haɗa shi da ɗan bayani da mai karatu ba ya gani. A ciki akwai layin da ake kira Content-Disposition. Idan aka rubuta attachment a wurin, burauzar za ta adana fayil ɗin a na'ura. Idan inline aka rubuta, sai ta buɗe shi a kan allo. Ƙa'idar ta samo asali ne daga saƙonnin imel, aka fayyace ta domin shafukan intanet a takardar RFC 6266 ta 2011. Akwai kuma layi na biyu, Content-Type, mai faɗin irin fayil ɗin. Manhajoji da dama kan yi wa kowane fayil laƙabin application/octet-stream, wato tarin bayanan da ba a san irinsu ba, alhali application/pdf ya kamata a sa. Burauzar da ba a gaya mata abin da ta riƙe ba, galibi ajiyewa take yi, ko da tana iya nuna PDF da kanta, kamar yadda Chrome ke yi tun 2010, Firefox kuma tun 2013.

Gyaran bai fi aikin mintoci ba ga masani, amma ba kowane fayil ake buɗe wa ƙofa ba. Idan shafin yana karɓar takardu daga jama'a, wani na iya cusa fayil ɗin HTML ko SVG mai ɗauke da ɓoyayyen umarni, wanda zai yi aiki da sunan jami'in da ya buɗe shi. Shi ya sa masu taka-tsantsan ke barin PDF da hotuna su buɗe, sauran kuma su sauka.

Buɗewa a allo ma ba ta share sawu gaba ɗaya, domin burauza kan riƙe kwafi na wucin gadi. Sai dai akwai tazara tsakanin wannan da takarda mai suna ɓaro-ɓaro da kowa zai tarar.

Batun ya ƙara nauyi tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya a watan Yunin 2023, ga kuma yunƙurin ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, a zamanin Didi Esther Walson-Jack, na raba ma'aikatu da takarda. Jami'in da zai karɓi sabuwar manhaja daga ɗan kwangila a Abuja zai iya gwada ta da kansa kafin ya sa hannu: ya danna fayil ɗaya, ya ga ko ya buɗe ko ya sauka, sannan ya sake gwadawa a waya, domin burauzar waya ba lallai ta bi sahun ta kwamfuta ba.