Hoton Kurkusa a Birnin Zariya: Me Ya Kamata Mai Farawa Ya Fara Saya?

Duk wanda ya taɓa riƙe babbar riga mai aska takwas, irin wadda ake ɗinkawa da hannu a zaurukan Birnin Zariya, ya san gwanintar maɗinki a ƙananan abubuwa take: yadda zare ya hau kan zare, yadda allura ta zagaye kowane ɗan rami, yadda tambari ya murɗa bai karkace ba. Hoton da aka ɗauka daga nesa riga kawai yake nunawa, wannan aikin kuwa ya ɓace. Shi ya sa masu tallar huluna da riguna a WhatsApp da Facebook, da ɗaliban zane na Jami'ar Ahmadu Bello, suke sha'awar hoton kurkusa, wanda ake kira makro. Tambayarsu ta farko kusan kullum ita ce wace kyamara za su saya. A ganina an fara daga inda ya kamata a ƙare. Kuɗin mai farawa wajen haske ya kamata su fara tafiya, da abin da zai hana kyamara rawa, sa'annan hanya mai arha ta kusanto abu. Gilashi mai tsada ya biyo baya, sabuwar kyamara kuwa sau da yawa ba a ma bukatarta.

Dalilin yana cikin yadda gilashin kyamara yake aiki. Ana cewa hoto ya kai makro na sosai idan siffar abu ta sauka a kan sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, daidai da girman abin a zahiri. Wannan shi ne 1:1 da ake rubutawa a jikin gilashi. Babbar sensa faɗinta milimita 36 ne, ta yawancin kyamarorin masu farawa kuma wajen milimita 23, ke nan ɗinkin da bai wuce kan babban yatsa ba zai cika hoto gaba ɗaya. To amma kusancin nan yana zuwa da wahala biyu. A matakin 1:1, ko an tsuke kafar haske zuwa f/8, kaurin abin da zai fito tar bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Zaren da ke sama ya fito, ƙyallen da ke ƙarƙashinsa ya dushe. Sa'annan hasken da ke isa ga sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. In aka ƙara tsuke kafar don a sami kauri, haske ya daɗa raguwa, kyamara ta daɗe tana ɗauka, numfashin mai ɗauka kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Babu kyamarar da tsadarta ke kawar da wannan, domin dokar haske ce.

Saboda haka sanda mai ƙafa uku, mai ɗan nauyi, ta fi kusan komai amfani a nan, musamman da yake abubuwan da Birni ya yi suna da su ba gudu suke yi ba. Riga, hula, aikin dukawa, kwalliyar sirdin dokin hawan salla, tsofaffin littattafan malamai, duk a ajiye suke, za su jira. A kafa kyamara, a sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada taɓa maɓalli ya girgiza ta, a yi saiti da hannu. Batun haske kuwa, rana muna da ita har ta yi yawa, sarrafa ta ne aikin. Hasken tsakar rana yana sa zaren siliki ƙyalli har zanen ya ɓace. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure da hantsi, yana bugun riga daga gefe, shi ke sa kowane zare ya yi 'yar inuwarsa, tudu da kwarin ɗinki su bayyana. Farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da haske ta rage duhu. Wanda zai sayi filasha ya sayi wadda ake iya cirewa daga kan kyamara, ya lulluɓe bakinta da farin ƙyalle, ya kuma tanadi batura masu caji fiye da saiti ɗaya, don kowa ya san halin wutarmu.

Hanyoyin kusantowa masu arha guda uku ne. Gilashin 18-55 da ke zuwa da kyamara yana kaiwa kimanin 1:3, wanda ya ishi hoton hula ko aljihun riga. In ana son wuce nan, akwai zobban ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Babu gilashi a cikinsu, tazara kawai suke ƙarawa, kuma ƙarin milimita 50 a bayan gilashi mai milimita 50 yana kai mutum wajen 1:1. Akwai zoben juyi, wanda ake ɗaura gilashi da shi a juye, shi ne mafi arha kuma mafi wuyar sha'ani. Akwai kuma ƙaramin gilashin da ake maƙalawa a gaba, irin Raynox DCR-250. Ga mazaunin Zariya wannan na ƙarshe nake fifitawa, saboda hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ba ta barin komai, kuma duk lokacin da aka cire gilashi don sa zobe an buɗe mata hanya zuwa sensa. Ƙurar da ba a gani a hoton biki tana fitowa ɗigo-ɗigo baƙi a hoton makro, domin tsukakkiyar kafar haske tona ta take yi. Mai maƙalawa a gaba ba ya bukatar a buɗe komai.

Wani zai ce ai wannan duk kame-kame ne, gara mutum ya tara kuɗi ya sayi gilashin makro na gaske. Yana da hujja. Irin su Tamron 90, Canon 100, Nikon 105 da Sigma 105 suna fitar da hoto tar har gefe-gefe, suna yin saiti tun daga nesa har 1:1 ba a cire komai ba, suna kuma barin tazara mai ɗan dama tsakanin bakin gilashi da abin ɗauka. Wannan tazarar tana da muhimmanci ga mai bin ƙwari, ko ɗalibin aikin gona a Samaru da ke son nuna tsutsar nan mai cin masara da ta bayyana a Najeriya a 2016, ko mai bin mazari a bakin Kubanni da damina. Ƙwaro ba ya jiran a kawo masa gilashi bakin hanci. Sai dai gilashin bai sauya dokar milimita ɗaya ba, kuma wanda bai iya haske ba zai sami dusasshen hoto mai tsada ne kawai. In lokacin saye ya yi, na hannu ma ya wadatar, muddin an haska cikinsa da tocila an duba ko hunhuna ta kama shi, an kuma gwada shi a kan kyamara kafin a biya.

Wani kuma zai ce waya ta isa. Ga mai tallar hula, sau da yawa ta isa ɗin, in an jingina ta a wuri guda an ba ta haske mai kyau. Amma a lura, kyamarar makro da ke jikin wayoyi masu sauƙin kuɗi da yawa megafiksel 2 ce kacal, kuma sai an kawo ta dab da abu har inuwar wayar ta rufe shi. Irin wannan hoton ba zai yi wa mai nazari aiki ba. Tsofaffin littattafan da ke gidajen malamai na Birni, da yawansu a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai alamar jinjirin wata uku da ba a ganinta sai an haska takardar ta baya, kuma irin wannan alama, tare da yanayin tawada da bakin alƙalami, tana taimaka wa masana su kimanta shekarun littafi. Wannan aiki yana son kyamara a kafe, da haske mai laushi marar zafi, da hannu mai tsabta. Yana kuma son izini. Kafin ka kafa ƙafa uku a zauren wani, ka gaida mai gida, ka faɗa masa abin da za ka yi da hoton, in aikin maɗinki ne ka rubuta sunansa a ƙasan hoton, ka kuma kai masa nasa kwafin.