Tsoron Abin da Ido Bai Gani Ba: Ƙarfi da Raunin Fina-finan Zullumi Masu Ƙaramin Jari

1.0 Gabatarwa

Hausa tana da wadatar kalmomin tsoro, kuma kowace da muhallinta. Firgita ko razana abu ne na farat ɗaya, kamar mutum ya taka igiya da dare ya zaci maciji ne. Fargaba da zullumi kuwa zaune suke a zuci, suna cin mutum tun abin bai auku ba. Wannan bambanci ya isa ya raba fina-finan ban tsoro na ƙasashen Turai da Amurka gida biyu. Akwai waɗanda ke dogara ga dodanni da jini da ƙara mai ban razana, akwai kuma waɗanda ke shiga cikin tunanin ɗan kallo, har ya kasa rarrabe abin da ya faru da abin da zuciyar mai labarin ta ƙaga. Waɗannan na biyu su muka kira fina-finan zullumi. Maƙalar nan za ta dubi waɗanda masu zaman kansu suka shirya da ɗan abin hannunsu, ba tare da jarin manyan kamfanoni ba, domin a nuna cewa ƙarfinsu da rauninsu daga tushe guda suka tsiro, watau rashin kuɗi.

2.0 Inda Ƙarfin Yake

Abu na farko shi ne ɓoye abin tsoro. Ƙera dodo mai gamsarwa aiki ne mai cin dukiya, saboda haka wanda ba shi da ita sai ya bar wa ɗan kallo aikin ƙerawa. A fim ɗin The Blair Witch Project, wanda Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka ɗauka cikin kwana takwas a dazuzzukan jihar Maryland, aka fara nuna shi a 1999, ɗalibai uku ne suka ɓace wajen bin diddigin labarin wata mayya. Daga farko har ƙarshe ba a nuna mayyar ko sau ɗaya ba. Abin da ake gani shi ne tarin duwatsu a bakin tanti, da 'yan itatuwa da aka ɗaure aka rataye, da motsi cikin duhu, sa'an nan a ƙarshe wani daga cikinsu tsaye ya fuskanci bango. Kowane ɗan kallo da irin mayyar da ya tafi da ita gida. Masu nazarin tatsuniya sun san wannan dabara, domin yaron da ake ba labarin Dodo da dare shi da kansa yake ƙarasa siffanta shi, kuma nasa ya fi na mai ba da labarin muni.

Abu na biyu shi ne ƙuntata wuri. Mai ƙaramin jari ba ya iya yawo da ma'aikata gari-gari, sai ya tsare labarinsa a gida ɗaya, gidan kuma ya zama madubin zuciyar mai zama cikinsa. A Repulsion, wanda Roman Polanski ya shirya a Landan a 1965, wata budurwa ce 'yar'uwarta ta yi tafiya ta bar ta ita kaɗai. Yayin da hankalinta ke gushewa sai bango ya riƙa tsagewa, hannuwa suna fitowa daga cikinsa, naman zomon da aka manta a faranti yana ruɓewa kowace rana. Ruɓewar naman nan ita ce ma'aunin da ɗan kallo ke gane nisan da ciwonta ya yi, ga shi kuwa ba ta ci wa masu fim ɗin kome ba. Haka nan Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity a cikin gidansa na kansa a San Diego da kimanin dala 15,000. Ya girke kyamara tana kallon gadon wani saurayi da budurwarsa suna barci, har motsin ƙofa kawai ya zama abin tashin hankali.

Abu na uku shi ne 'yanci. Wanda bai ci bashin kowa ba yana iya taɓa abin da babban kamfani zai ji tsoron hasara a kansa. Jennifer Kent ta ƙasar Ostireliya, a fim ɗinta The Babadook na 2014, ta kawo labarin matar da mijinta ya rasu a hatsarin mota yana kan hanyar kai ta asibiti haihuwa. Dodon da ya addabi gidanta baƙin cikinta ne da ta ƙi fuskanta, da kuma ƙullin da take ji game da ɗanta, abin da uwa ba ta iya furtawa. A ƙarshe ba a kashe dodon ba, an kulle shi ne a ɗakin ƙasa ana kai masa abinci, watau baƙin ciki ba ya mutuwa, sai dai a koyi zama da shi.

3.0 Inda Raunin Yake

Amma fa rashin uwa ne kan sa a yi uwar ɗaki, kuma ba kullum dabarar ke rufe talaucin ba. Raunin da ya fi saurin bayyana shi ne na sana'a. Carnival of Souls, wanda Herk Harvey ya shirya a 1962 da kimanin dala 33,000 a jihohin Kansas da Utah, labari ne na wata mai kiɗa a coci da ta fito daga kogi bayan motarsu ta faɗa ciki, ta ci gaba da rayuwa, amma lokaci-lokaci sai mutane su daina ganinta da jin maganarta. A ƙarshe aka tsamo motar da gawarta a ciki. Hotunan tsohon gidan shaƙatawa na Saltair da ke bakin tafki suna da ban sha'awa ƙwarai, sai dai wasan wasu daga cikin 'yan wasan ya yi sanyi, sautin da aka ɗora daga baya kuma wani lokaci ba ya tafiya daidai da motsi. A fim ɗin da dukan ƙarfinsa ya rataya ga yardar ɗan kallo, kuskure ƙanƙane ya isa ya mai da fargaba dariya.

Rauni na biyu ya fi wannan zurfi. Tsakanin ɓoye abu da rashin abin ɓoyewa akwai tazara, amma daga waje kamarsu ɗaya. Marubucin da bai san ƙarshen labarinsa ba yana iya fakewa da cewa ya bar wa ɗan kallo hukunci. Skinamarink, wanda Kyle Edward Ball ya ɗauka a gidan da ya girma a Edmonton ta Kanada da kimanin dala 15,000, aka fara nuna shi a 2022, ya tsaya daidai kan wannan iyaka. Yara biyu ne suka farka suka tarar mahaifinsu ba ya nan, ƙofofi da tagogi kuma sun ɓace. Minti ɗari ana kallon rufi da kusurwoyin ɗaki cikin duhu. Wasu sun ce ya dawo musu da tsoron daren ƙuruciya, wasu kuwa sun ce ba su ga kome ba sai gajiya. Dukansu suna da hujja, domin fim ɗin ya miƙa kusan dukan aikin ga mai kallo.

Na uku shi ne yadda ake wasa da taɓin hankali. Da yake bayanin cewa duk abin a ƙwaƙwalwarsa ya faru ba ya cin ko kwabo, marubuta da yawa sun mai da shi mafita. Illar haka biyu ce: labari yakan rushe a minti na ƙarshe, sa'an nan ana ƙara dasa wa jama'a zaton cewa mai wannan lalura abin gudu ne.

Na huɗu shi ne kasuwa. Ana yawan ambaton cewa The Blair Witch Project ya tara kusan dala miliyan 250, Paranormal Activity kuma fiye da miliyan 190 bayan kamfanin Paramount ya watsa shi a 2009. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Carnival of Souls bai karɓu ba a zamaninsa, sai da aka sake fito da shi a 1989, kuma Harvey bai ƙara kammala wani dogon fim ba. Ko inda aka ci riba ma, ba lallai ta kai ga waɗanda suka yi wahalar ba, domin a 2024 'yan wasan Blair Witch su uku sun fito fili suna neman a biya su haƙƙin da suke ganin an tauye musu. Bugu da ƙari, sauƙin kwaikwayon salon ya sa aka cika kasuwa da fina-finan kyamara mai rawa waɗanda suka ari siffar, suka bar hikimar.

4.0 Kammalawa

Akwai gwaji guda da tarihi ya riga ya yi mana. A shekarar 2000 aka fito da ci gaban Blair Witch mai suna Book of Shadows, da jarin da ya ninka na farko sau ɗaruruwa, aka nuna abubuwan da na farkon ya ɓoye, amma bai sami karɓuwa wurin masu sharhi ba. Ashe ke nan kuɗi ba su sayen zullumi. Haka kuma rashinsu ba ya haifar da shi, in ba haka ba da kowane fim na matalauci ya zama gwani. Abin da rashin kuɗi ke yi shi ne ya tuɓe wa fim duk wani ado, ya bar rubutu da wasa da sauti a fili. Saboda haka malami ko ɗalibin da zai auna irin wannan fim, tambayar da ta kamace shi ita ce: abin nan da aka hana ni gani, shin mai fim ɗin shi ya san ko mene ne? In alamun da ya warwatsa cikin labarin sun haɗu wuri guda, kamar naman zomon Repulsion ko ɗakin ƙasa na The Babadook, to, ɓoyewar hikima ce. In kuwa ba su haɗu ba, duhu ne kawai aka ɗauka a hoto.